Yadda na gyara harshen algaitar jaka da iska ta busar

Algaitar jaka ta Sukotland, wadda 'yan badujala ke busawa, harshenta, wato abin da ke kaɗawa ya fitar da murya, siraran ɓari biyu ne na kara, an ɗaure su a kan ɗan bututun tagulla. Karan yana shan danshi yana fitarwa. Da hunturu ya kama, nawa ya bushe: murya ta sirance ta haura sama, sautukan sama suna tsuwwa.

Ban kankare shi ba, domin abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa, kuma ƙishirwa ce kawai ke damunsa. Na zuba gishiri cokali 3 a murfin kwalba, na ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, na rufe shi da harshen a mazubi guda ba su taɓa juna ba. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin iska wajen kashi 75 cikin 100. Washegari na busa minti 10 kafin in taɓa saiti, saboda numfashi ma yana sauya murya. Sannan na ƙara zare a gindin harshen, ya ɗan ɗago daga ramin da yake zama, sautukan sama suka sauko.

Kada a tsoma shi a ruwa. Jiƙa da bushewa kwatsam ne ke tsaga bakin harshen.

Da damina akasin haka ne: kara ya ƙoshi, murya ta dushe ta faɗi. Sai a tura harshen ciki kaɗan, a zazzage tarkon ruwan jaka, wato abin da ke tare ruwan numfashi, a bar harshen ya sha iska kafin a rufe, in ba haka ba baƙin fumfuna zai ci shi.