Kurakuran da aka fi yi wajen kai shara mai yawa juji a Damagaram

Sharar rushe ɗaki a unguwar Birni ko ta kwashe rumfa a Kasuwar Dole ta fi ƙarfin bokitin yaro. Sai an nemi kamyo ko amalanke, kuma a nan ake yawan tafka kuskure.

Mafi muni shi ne a biya direba kuɗinsa cif a ƙofar gida. Wani da ya sha kwana sai ya juye kayan a bakin tabki ko cikin magudanar ruwa, ya wuce neman wani lodin. Ruwan Agusta na sauka hanya ta toshe, ya koma gindin katangun laka. Ka ba da rabi, ka sa yaronka ya bi motar, ciko sai an sauke. Tun kafin nan ka tambayi ma'aikatan tsabta na gundumarku, cikin biyar ɗin birnin, inda aka yarda a zuba. Ganin tulin shara a fili ba ya nufin an halatta wurin.

Sai haɗa komai wuri guda, wanda asarar kuɗi ce tsagwaronta. Ƙasa da buraguzan gini, mai cike kwari a ƙofar gidansa zai karɓa da godiya. Ƙarfe ana sayensa da kilo. Kashin awaki da toka da ƙaiƙayi kuwa taki ne, manoman bayan gari na nema kafin damina. Leda ce ke ɓata shi: ba ta ruɓewa a gona, akuya ta haɗiye ta kuma sai rama. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana ta, amma leƙa kowane juji ka gani. Idan aka ware waɗannan, abin da zai hau mota ba ya kai yadda aka zata.

Toka sai ta huce sarai. Garwashi ɗaya ya isa ya tada gobarar da za ta yi ta cin juji ta ƙarƙashi, maƙwabta na shaƙar hayaƙin roba. Tsohon batir, baƙin mai da allurai kada su shiga lodin. Akwai yara masu tone-tone a can, wasu ko takalmi babu. Fasassun kwalabe a ƙulle su a buhu daban, a gaya wa masu saukewa.

A rufe lodi da tamfol a ɗaure tamau, musamman da hunturu, in ba haka ba iska za ta raba wa kowace unguwa nata kason. Da damina kuma a fara aika wani ya dubo hanyar, don mota mai nauyi na iya kafewa tun ba ta kai ba.