Yadda na raba mawaƙan da aka cure wuri ɗaya a MusicBrainz

A shagona na tura waƙoƙi kusa da babbar kasuwar Sakkwato, da Picard, manhajar da ke sa wa waƙoƙi sunaye, nake shirya fayiloli, shi kuma daga MusicBrainz, rumbun bayanan waƙoƙi na intanet da masu amfani da shi ke gyarawa, yake ɗauko sunaye. Sai ga wata waƙar haɗin gwiwa da wani ya shigar da mawaƙanta biyu tamkar mutum guda, har da shafinsu na daban. Ka nemi waƙoƙin ɗayansu, ba za ka gan ta ba.

Na buɗe wurin sunan mawaƙi a MusicBrainz, na sa kowa a layinsa, na ɗaura shi da shafinsa na ainihi, tsakaninsu na rubuta "feat.", wato "tare da", kamar yadda yake jikin fosta.

Rimis, wato waƙar da aka sake wa kiɗa, ne ya ɗan ci rai. Yaranmu masu sake kiɗa kowa so yake sunansa ya hau gaba, amma waƙa ta mai ita ce. Na bar mawaƙin a wurinsa, shi kuma DJ na sa shi ɓangaren dangantaka a matsayin wanda ya yi rimis. Wadda aka gauraya waƙoƙi biyu kuwa, rikodinta daban na buɗe, na haɗa shi da na asalin duka biyu.

Gyaran bai hau nan take ba, kwana 7 ake ba sauran masu gyara a MusicBrainz su kaɗa ƙuri'a a kansa. Da ya wuce na sake loda fayilolin a Picard.