Yadda Ake Kula da Fata a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙura, babu laima ko kaɗan a jikinta. Bushewar nan ta fi sanyin kansa yi wa fata ɓarna, domin tana zuƙe ruwan da ke samanta. Sai ka ga ƙwauri ya yi furu-furu, kana jan farce a kai farin layi ya fito, leɓe ya tsattsage, dunduniya ta fara faso.

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke cikinta yake yi. Shi ya sa wani zai lafta basilin a busasshen jiki, ya yi ta sheƙi, ƙura ta manne masa, amma ƙaiƙayi bai daina ba. Don haka gyaran daga banɗaki yake farawa.

A sirka ruwan wanka ya zama mai ɗumi, wanda za a iya tsoma gwiwar hannu a ciki ba tare da an janye ba. Ruwa mai zafi sosai yana da daɗi da asuba, amma yana wanke maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Minti 5 zuwa 10 ya isa. A cuɗa hammata, matsematsi da ƙafafu da sabulu, sauran jiki kuwa kumfa kaɗan ta wadatar. A sassauta dirza da soso, a kuma bar ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti sai in likita ne ya ce a yi. Sabulun salo yana fitar da dauɗa sosai, sai dai yana da kaifi. Wanda fatarsa ke ɗaurewa bayan wanka ya rage shi zuwa sau biyu a mako.

Da an fito, a daddanna tawul a jiki, kada a goge ƙarƙaf, sannan a shafa mai cikin minti 3, jiki da sauran danshi. Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Man kaɗanya mai kyau ya isa: a ɗebo kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, a murza a tafin hannu har ya narke, a shafe gaɓa ɗaya, a sake ɗebowa. A ba ƙwauri, gwiwa, gwiwar hannu da bayan hannu kaso mafi yawa.

Masu amfani da gilisarin su lura: aikinsa jawo ruwa ne, kuma idan iska ta bushe, zallansa na iya barin fata da danƙo da ɗaurewa. A haɗa cokali 1 na gilisarin da cokali 4 na tafasasshen ruwan da ya huce, a shafa, sannan a rufe da man kaɗanya ko basilin. A riƙa haɗa na kwana biyu ko uku kawai, don haɗin ruwa yana saurin lalacewa.

Hannu da ƙafa sun fi shan wahala, saboda alwala, wanki da wanke-wanke. Duk lokacin da ruwa ya taɓa su aka bar iska ta busar, fatar tana ƙara tsagewa. A ajiye ƙaramin gwangwanin mai a aljihu ko jaka, a tsane ruwan, a shafa nan take. Leɓe ma haka: lasa tana ƙara busar da shi, basilin kaɗan sau uku ko huɗu a yini ya fi. Mai ƙurajen fuska ya guji man kwakwa a fuska, yana toshe ƙofofin fata.

Faso yana son haƙuri. Da dare a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, a goge kaushin da dutse a hankali, ba sai an kai ga jan nama ba. A shafa man ƙafa mai sinadarin yuriya, kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, wanda ake samu a kemis, a bi da basilin, a sa safar auduga a kwanta. Mako ɗaya zuwa biyu a jere ake fara ganin dunduniya ta yi laushi. Kada a fere kaushi da reza. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaramin tsagu ya gani ya nuna wa likita, domin ciwon ƙafarsa ba ya saurin warkewa.

Zama dab da kaskon wuta kullum yana barin zane-zanen baƙi a ƙwauri, masu daɗewa ba su ɓace ba. A ja baya, a sa tufafi masu kauri, da na auduga daga ciki don kada rigar sanyi ta riƙa gugar fata. Kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa mai guba tana kisa ba tare da wari ba.

Wani man bilicin yana sirantar da fata, hunturu kuma ya same ta ba kariya, ta yi ja, ta yi raɗaɗi. Wadda ta daɗe tana shafa mai ɗauke da sitiroyid, wani sinadarin magani da ake sa wa irin wannan man, ta nemi likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya kan tayar da ƙuraje.

Jarirai wanka ɗaya a yini ya ishe su, da hantsi, a shafa musu mai marar turare, ban da man zafi. Idan tsagu ya fara fitar da ruwa ko mugunya, wurin ya kumbura, ko ƙaiƙayi ya hana barci duk da mako biyu ana shafa mai, a tafi asibiti.