Yadda ake sauka Hawan Kibo da mota cike da fasinja

Shekarata 17 ina jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja, kafin nan kuma na yi shekara huɗu ina yaron mota a tirela. Ƙannenmu da suka shigo sana'ar kwanan nan nake yi wa wannan bayani, da masu motar gida da ba sa hawa hanyar sai biki ko Sallah ta kama. Dukanku wuri ɗaya nake jiye muku, wato Hawan Kibo.

Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, cikin garin Abuja kuwa bai kai rabin haka ba. Kaso mai yawa na wannan sauka a Hawan Kibo ake yin sa, bayan ka bar Bukuru da Mararrabar Jama'a da Riyom, kafin ka isa Forest. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Mota mai mutum bakwai da buhunan dankali a but, nauyinta kaɗai ya isa ya ja ta.

Shirin saukar tun a gida yake farawa. Ka durƙusa ka duba gefen taya, akwai lamba huɗu a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. 'Yan rod sefti shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka yi ta, ba daga ranar da ka saya ba. Beljiyam ɗin da muke saye saboda sauƙi takan zo da zanenta raɗau, amma robar ta bushe, kwalta na ɗaukar zafi sai ka ji tau. Iska kuma da safe ake auna ta kafin taya ta ɗumama, kuma adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Kada ka bar mai faci ya wuce abin da aka rubuta a ƙofar don wai ka yi lodi, yana bubbuga tayar da hannu yana cewa ta yi.

Sai man birki. Yawancinmu ciko kawai muke yi in ya ragu. Shi kuwa wannan mai yana shan danshi a hankali, in ya tsufa kuma birki ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. Ni duk shekara biyu nake sa makaniki ya zubar da shi gaba ɗaya ya zuba sabo.

To ga gangarar. Kafin ka shige ta, tun kana kan shimfiɗa, ka rage gudu ka sauko giya ta uku. In lodi ya yi nauyi ko ana ruwa, ta biyu. Mai otomatik ya cire daga D ya koma 3 ko 2. Inji zai yi ƙara, wani fasinja ma zai tambaya ko lafiya. Lafiya ƙalau, injin ne ke riƙe motar, aikin da birki zai yi shi kaɗai aka raba musu. Maigidana na tirela ya koya mini cewa giyar da mota za ta hau tudu da ita, da ita ake saukowa, kuma har yau ban ga inda wannan ƙa'ida ta ba ni kunya ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne firi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobi da yawa da sun ga gangara sai su cire giya su bar mota ta gangara da kanta, wai tattalin mai. Ɗan'uwa, motocin yanzu masu injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar motar yanke mai take yi. A firi kuwa dole inji ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Ka ga ba ka tsira da komai ba, ka kuma ɗora wa birki nauyin motar duka. Wanda ke kashe inji ɗungurum ya fi kowa ganganci, domin birki zai yi tauri, sitiyari ma haka.

Birkin kansa akwai yadda ake taka shi. Kada ka ɗora ƙafa ka bar ta tana goga tun daga sama har ƙasa. Ka taka da ɗan ƙarfi kafin kwana har gudu ya sauka, ka saki ya sha iska, ka sake takawa in ta ƙara ɗauka. A shekarata ta biyu da karɓar mota na yi wannan kuskure. Ina hira da wani Alhaji a gaba, ƙafata na kan birki ban sani ba, sai wani ƙauri ya shigo ta taga kamar an ƙona gashi. Na taka, feda ta nutse. Na yi ta bugunta da sauri har ta ɗan kama, na sauko ta uku, na sauko ta biyu, sannan na riƙe maɓallin hambirki ina ja a hankali ina saki, har na samu fili ta ɓangaren dutse na tsaya. Wata Hajiya a baya ba ta daina salati ba sai da na kashe mota. Da na fizge hambirkin lokaci guda, tayoyin baya za su kulle motar ta juya da mu.

In haka ta same ka, ka sa dutse a gaban taya, ka sauke mutane su matsa nesa da titi, ka jira. Kada ka watsa wa birkin ruwa, ƙarfen zai iya lanƙwashewa. A nan dai bari ya huce ba ya kawo rabon wani. Kuma ko ya dawo, a nemi makaniki ya duba kafin a ci gaba.

Idonka ɗaya ya zauna a madubi. Tirela ko tanka a bayanka tana danna ham ba ƙaƙƙautawa tana wasa da fitila, ba gaisuwa ba ce, wataƙila birkinta ya tafi. Ka ba ta hanya tun da wuri. Ganye a zube kan kwalta kuma alama ce wata mota ta lalace a gaba, sau da yawa a bayan kwana. Obatekin a kwana ko ba na faɗa ba. Da damina, musamman Yuli da Agusta, hazo kan sauko wurin har ka kasa ganin motar gabanka. Ka kunna ƙaramar fitila, babbar dawo maka da haske take yi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato rod sefti, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa tasi da bas kilomita 80 a awa a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya, 50 a cikin gari. Daga 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, kuma mun san yadda wasunmu ke zuwa a kwance musu ita. Alƙaluman hukumar sun nuna mutum 5,081 suka mutu a haɗurra a 2023, a 2024 kuma 5,421, alhali yawan haɗurran kansu raguwa ya yi. Cikin abin da ya ƙara yawan har da kwasar mai in tanka ta faɗi, kamar na Majiya a Jigawa a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu. Don haka in ka iske tanka a kwance, kada ka tsaya kallo, kada ka bar fasinja ya sauka ɗaukar hoto. Ka yi nisa sannan ka kira 122, lambar gaggawa ta hukumar, kyauta ce.

Wanda ya sauka Hawan Kibo lafiya yakan saki jiki, ni kuwa barci na fi tsoro daga nan. An ci tuwo a Akwanga, an hau tagwayen hanyar Keffi mai santsi, rana ta take, fasinjoji duk sun yi shiru. A gudun kilomita 100 mota na cin wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya, gyangyaɗin daƙiƙa uku ya kusa tsawon filin ƙwallo. Goro da kofi ba sa biyan bashin barci, ƙwaya kuwa ƙarya take yi wa ido. In na fara hamma nakan faka a gidan mai, in wanke fuska, in kishingiɗa minti 20, mai mita ya yi ta yi. Wannan ne ma ya sa na daina juyi biyu a rana, duk da 'yan kamasho na yi mini tsiya.

Kuma akwai sauran gangara ɗaya a gaba, ta Kugbo a Abuja, tsakanin shataletalen AYA da Nyanya, wadda za ka sauko in ka juyo gida. Ga cunkoso, ga manyan motoci, ga masu tsallaka titi a guje. Nan ma giya ta uku nake sa wa, in bar tazarar mota uku tsakanina da na gaba, ko da na baya zai cika ni da ham.