Kurakuran da ke kashe mana kujeru da bencin tsakar gida

Kujerar roba da aka sayo a kasuwar Wunti tana iya yin shekaru tana aiki, amma a gidaje da yawa a nan Bauchi kafin ta ga damina biyu ta koɗe, ta yi fari-fat, wata rana baƙo ya zauna ƙafarta ta ɓalle. Sai a ce ai kayan yanzu ba ƙarko. Da gaskiya a maganar, sai dai ɓarna mai yawa daga hannunmu take, kuma wajen wanki aka fi yin ta.

Uwargida ta ga kujera ta yi dauɗa, sai ta miƙa wa yaro soson ƙarfe da omo ta ce ya dirje ta. Ranar za ta fito fes. Amma soson ya kankare santsin da ke saman robar, ya bar ƙananan zane-zane da ƙurar hunturu za ta maƙale a ciki, daga nan kuma ba ta ƙara fita. Garin neman gira an rasa ido. Tsumma mai laushi ko soson katifa da ruwan sabulu sun isa. A fara kaɗe ƙurar tukuna, domin yashin da ke cikinta shi ma yana karce roba in aka goga shi da ruwa. Fetur da tina kuwa kada su kusanci kujerar. Abin da ke sa ta yin gautsi shi ne rana, musamman ta watan Maris da Afrilu lokacin da zafi ke kai wa digiri 40. In an tashi daga majalisa, a jera su a ƙarƙashin rumfa.

Kujerun ƙarfe na masu walda su ne aka fi cuta. Maigida ya ga tsatsa ta fito, sai ya sayo gwangwanin fenti ya shafe a kai. Tsatsar tana nan a ƙasa tana cin ƙarfen, bayan 'yan watanni fentin ya kumbura ya fara ɓarewa. Dole a kankare ta da burushin waya ko samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bar shi ya kwana, sannan a bi da fentin mai sau biyu, shafi mara kauri. Lokacin yin aikin ma abin dubawa ne. A tsakiyar hunturu ƙura za ta manne a ɗanyen fenti, a watan Agusta kuma laima ba za ta bar shi ya bushe da kyau ba. Ni a ganina bayan hazo ya ja da baya, kafin ruwan farko, da sassafe kuma a inuwa, shi ne daidai. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: ƙafafun kujerar bututu ne, ruwan sama yana shiga ya kwanta, ya ci su daga ciki. A sa mai walda ya toshe saman, ya huda ƙaramar ƙofa a ƙasa inda ruwa zai tsiyaye.

Benci kuwa abokan gabansa biyu ne, gara da laima, kuma duk ta ƙafa suke hawa. Barin sa a kan turɓaya gayyatar gara ce. Ɗora kowace ƙafa a kan dutse ko ɓallin tayil ba ya cin ko kwabo. Mutane da yawa suna shafa baƙin mai. Yana ɗan korar gara, amma in rana ta buɗe yakan tsattsafo, farar shaddar Juma'a ta sha. Ga wari, ga yara suna taɓawa su kai hannu baki. Maganin katako irin su Solignum ya fi, a bi da banish in ya bushe. Kuma a daina kwarara wa benci bokitin ruwa a bar shi a rana; katako ya sha ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi da gaggawa, sai tsagewa. Jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar. Mai sayen sabo ya tambayi kafinta irin katakon, domin maɗaci ya fi farin katako jure zaman waje nesa ba kusa ba.

Da damina wasu kan lulluɓe kushin da leda su ɗaure tam. Ledar tana riƙe gumi a ciki, funfuna ta samu gida. Gara a cire kushin ɗin a kai ɗaki. In ya riga ya jiƙe, a zare rigar, a jingine soson a tsaye har cikinsa ya bushe. Haka tabarmar kaba, kada a naɗe ta da danshi.

In funfunar ta riga ta kama roba, ruwan bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 10 yana fitar da ita, a ɗauraye sosai, kuma a kiyaye kada ya zuba a kan ƙarfe don yana jawo tsatsa. Kada a kuskura a gauraya shi da ruwan wanke masai wai don ya ƙara ƙarfi: haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe mutum.