Yadda za a lallaɓa ciwon jijiya mai tashi da damuwa, ga mazauna Saudiyya

Ciwon jijiya daban yake da ciwon gajiya. Tafin ƙafa ne zai ɗauki zafi da daddare, ko yatsu su riƙa tsikari kamar ana soka allura, ko wurin ya mutu har a taɓa mutum bai ji ba. Idan ya wuce wata 3, ya zama ciwo mai daɗewa, kuma yana son tsari, ba shan magani barkatai ba.

Damuwa ba ta lalata jijiya da kanta, amma tana ƙara wa ciwon ƙarfi ƙwarai. Wanda iƙamarsa ta kusa ƙarewa, ko albashi ya makara alhali 'yan gida na jiran aike, jikinsa kan zauna a ɗaure: tsokar wuya da ta baya su sandare, barci ya ragu, ƙwaƙwalwa ta riƙa karɓar ƙaramin zafi a matsayin babba. Saurin numfashi lokacin fargaba shi kaɗai kan kawo tsikari a hannu da gefen baki. Ciwon na gaske ne, kada kowa ya ce maka raki ne.

Fara da neman musabbabi. Ka roƙi likita gwajin suga na wata uku, wato HbA1c, da na bitamin B12, da na ƙoda da na maƙoƙo. Ciwon suga shi ne kan gaba wajen cin jijiyoyin ƙafa, kuma 6.5 ko sama a wannan gwaji alamarsa ce. Mai shan maganin suga Glucophage shekara da shekaru ya lura, domin yana iya rage B12. Yawan shan bitamin B6 ba bisa ƙa'ida ba shi ma yana lalata jijiya, saboda haka a daina sayen “maganin jijiya” a saidaliyya, wato kantin magani, ana sha wata da watanni.

Panadol da Brufen da Voltaren ba su cika taɓa irin wannan ciwo ba, kuma biyun ƙarshe suna illata ciki da ƙoda, balle a zafin Jidda da Makka inda jiki ke saurin bushewa. Abin da likita kan rubuta shi ne amitiriftilin, yawanci a fara da miligiram 10 da dare, ko gabafentin, ko Lyrica. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: su sha kwana uku, su ce ba ya aiki, su watsar. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa. Bushewar baki da jin barci a farko ba abin tsoro ba ne, amma direba ya faɗa wa likita sana'arsa. Kada a daina shi farat ɗaya. A hankali ake ragewa. Lyrica da Tramadol kuwa doka ta tsaurara a kansu a Saudiyya. Kada ka karɓa a hannun ɗan'uwa, kada ka sa a taho maka da su daga gida ba takardar likita.

Sai abin da ke hannunka. Sau biyu a rana, misali bayan Asuba da bayan Isha, zauna ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, tsawon minti 5. Tsawaita fitar numfashin shi ke kwantar da bugun zuciya. Yi tafiyar minti 10 bayan Magariba, ka ƙara minti 2 kowane mako. Ranar da ka ji sauƙi kada ka kwashe aikin mako guda, don washegari ciwon zai rama. Mai aikatau ta raba guga da goge-goge, ta ɗan zauna kowane rabin awa in da hali. Shayi da gahawa su tsaya daga La'asar, duk da an san hirar dare al'ada ce a nan.

Ƙafar da ta mutu ba ta jin ƙuna. Ruwan tankin saman bene kan yi zafi sosai da rani, don haka a gwada shi da gwiwar hannu kafin alwala ko wanka. Kada a taka kwalta ko farfajiyar masallaci da rana ba takalmi. In za a Harami a tafi da takalmin cikin jaka. Duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, kuma kada a yi ƙaho ko tsaga a wurin.

Idan damuwar ta hana barci ko cin abinci fiye da mako biyu, a faɗa wa likita ƙarara, ita ma tana da magani. Layin Ma'aikatar Lafiya, 937, yana ba da shawarar likita dare da rana. Amma idan ɓarin jiki ya saki farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace tare da ciwon baya, ko mutum ya fara tunanin halaka kansa, a kira motar asibiti a 997 nan take.