Yadda Ake Gane Ko Zaɓinka Yana da Tasiri a Wasan Kwamfuta Mai Labari

A shagunan wasan PlayStation na Maraɗi ƙwallo ce sarauniya, domin yaro zai biya kuɗin wasa ɗaya, ya ci ko a cinye shi, ya tashi ya ba na baya wuri. Wasanni masu dogon labari, waɗanda ake kira RPG, inda mutum yake shiga rigar wani jarumi ya riƙa yanke hukunci a madadinsa, ba su dace da shago ba saboda kwanakin da suke ci, shi ya sa masu yin su a garin nan galibi a gida suke yi, a kan tsohuwar kwamfutar cinya. Kusan duk wasan irin wannan yana zuwa da alkawarin cewa akalar labarin tana hannunka. Ɗan ƙanwata ne ya fara kawo mini ƙorafi a kan haka, wata rana da dare muna shan shayi a ƙofar gida a unguwar Zariya, ya ce: "Kawu, ni na gaji da zaɓe-zaɓen nan, ai duk kanwar ja ce, ko me na latsa wuri ɗaya ake kai ni." Na ce masa a wasu wasannin ya yi gaskiya, a wasu kuma ya yi gaggawa, kuma akwai hanyar da mutum zai bi ya rarrabe da kansa ba tare da ya dogara da tallan kamfani ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: zaɓi yana da tasiri idan ya raba ka da wani abu da ba zai dawo ba, mutum ne, ko gari, ko wata hanya da ta rufe.

Abu na farko shi ne ajiya biyu, wato adana inda ka tsaya a wasa don ka iya komawa wurin daga baya. Da zarar ka ga an kawo ka mararraba, kafin ka latsa komai, ka ajiye wasan a sabon gurbi, ka bi hanya ta farko na tsawon awa guda ko fiye, sannan ka koma ajiyar ka bi ta biyu. Ka kwafi fayil ɗin ajiyar a filash, musamman idan batirin kwamfutarka ya mutu kamar nawa, domin an taɓa ɗauke wuta daidai lokacin da wasa yake ajiyewa, na wayi gari da fayil ɗin da ba ya buɗuwa, aikin mako uku ya bi ruwa. Yayin da kake bin kowace hanya, ka riƙe ɗan littafi ka rubuta wanda yake raye, wurin da kake tsaye, da aikin da aka ba ka na gaba. Kada ka rubuta maganganun da mutanen wasan suka yi maka, domin sauya jimla biyu ko uku abu ne mai arha ga masu ƙera wasa, kuma a nan ne rufa-ido ya fi yawa.

Dalilin rufa-idon lissafi ne. Idan wasa yana da mararraba 10 a jere, kowace da hanya biyu da ba sa sake haɗuwa, sai an rubuta ƙarshe 1,024, a ɗauki muryoyin ƴan wasa, a zana wurare, alhali mai wasa ɗaya hanya ɗaya tak zai gani. Babu kamfanin da zai ɗauki wannan ɗawainiya, saboda haka sai a yi rassa irin hanyoyin amalanke da ke ratsa gonaki, kowace ta yi ɗan kewayenta ta dawo ta faɗa kwaltar Ɗan Isa. Littafinka ne zai nuna maka inda rassan suka haɗu, da kuma abin da ka iso da shi wurin haɗuwar. Wasan da na san ya yi ƙarfin halin raba hanya da gaske shi ne The Witcher 2, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan, wanda ya fito a 2011: a ƙarshen babi na farko za ka bi ɗaya daga cikin jagorori biyu masu gaba da juna, Iorveth ko Roche, kuma babi na biyu gaba ɗayansa ya danganta da wanda ka bi, domin ɗaya zai kai ka cikin garin Vergen, ɗayan kuma sansanin Sarki Henselt, da mutane daban da ayyuka daban. Wanda ya yi wasan sau ɗaya bai ga wani babban yanki nasa ba.

Bayan haka sai ka sa ido a kan magaji, wato wanda ake ɗorawa a gurbin mutumin da zaɓinka ya kawar. A Mass Effect na kamfanin BioWare na Kanada, wanda ya fito kashi uku a 2007 da 2010 da 2012, ana ɗaukar ajiyar kashi na farko a shigar da ita na biyu, ta biyu a shigar da ita na uku. A kashi na farko, a wata duniya mai suna Virmire, abokin tafiyarka Wrex zai iya mutuwa idan ka kasa shawo kansa. Idan ya rayu, za ka same shi a kashi na biyu yana shugabantar danginsa. Idan ya mutu, ɗan'uwansa Wreav ne za ka tarar a kan kujerar. Mai gaggawa zai ce ga shaida, an canza suna kawai an bar aikin yadda yake. A nan ne ya kamata ka yi haƙuri ka ƙara tambaya ɗaya: shin magajin yana da halin wanda ya gada? Wrex yana neman haɗa kan mutanensa ya sake gina su, Wreav kuwa yaƙi da ramuwar gayya ne a ransa, don haka idan aka zo kashi na uku aka tambaye ka ko za a warkar da al'ummarsu daga cutar da ta hana su haihuwa, tambayar ɗaya ce amma nauyinta ya sha bamban. A ganina wannan zaɓi ne mai tasiri ko da taswirar wasan ba ta motsa ba. Inda magaji ya zo da hali ɗaya da magana ɗaya da wanda ya tafi, to nan ɗan ƙanwata ya yi gaskiya.

Awa guda ba ta isa hukunci a kowane wasa ba, domin wasu suna ɓoye sakamako har sai ka manta da abin da ka shuka. Chrono Trigger na 1995 ya yi wannan dabara tun da daɗewa. A farkon wasan kana yawo a wurin wani biki, ka yi karo da wata yarinya sarƙarta ta faɗi, kuma babu abin da zai gaya maka cewa ana lura da ko ita ka fara dubawa ko sarƙar ka fara ɗauka, ko ka cinye abincin wani tsoho, ko ka mayar wa wata ƙaramar yarinya kyanwarta da ta ɓata. Can gaba sai a gurfanar da kai gaban shari'a, shaidu su taso da waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin dariyar shi ne ko an wanke ka ko an kama ka da laifi kurkuku za ka tafi, wato hanyar ba ta rabu ba, amma kunyar da mutum yake ji sa'ad da tsohon nan ya nuna shi ta gaske ce. The Witcher 3 na 2015 ya kai abin gaba: makomar Ciri, yarinyar da jarumin ya rena, tana rataye ne a kan ƙananan abubuwa, kamar ko ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita lokacin da take cikin baƙin ciki, ko ka bar ta ta shiga wata ganawa ita kaɗai. Waɗannan zaɓen tumun dare ne, ba ka san kana zaɓe ba sai labari ya ƙare, don haka ka riƙa barin tsofaffin ajiyoyi kada ka goge su.

Gwaji mafi sauri shi ne gardama: ka ce a'a inda ake so ka ce to. A Dragon Quest na farko, na 1986, gimbiya tana yi wa jarumi tambaya, in ya ƙi sai ta maimaita har ya amince. A Skyrim na 2011 akwai mutanen da ba sa mutuwa duk yadda ka sare su, sai su durƙusa su sake tashi, saboda labarin yana bukatarsu. Fallout: New Vegas na 2010 kuwa zai bar ka ka ɓata da kowane ɓangare, ka kashe shugabanninsu, kuma har yanzu akwai hanyar gama wasan ta hannun wani mutum-mutumi mai suna Yes Man, wanda in ka farfasa shi yake dawowa a wani jikin.

Kada yawan ƙarshe ya ruɗe ka. Mass Effect 3 ya ƙare da zaɓi uku waɗanda hotunansu suka yi kama da juna ƙwarai, har masu wasa suka yi ta ƙorafin cewa launi kawai aka canza, kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni na 2012. Ka kuma kula da harshe, domin yawancinmu da Faransanci ko Turanci muke karanta waɗannan wasanni, kuma sau da yawa abin da mutum ya ɗauka yaudara ce, gajeren rubutun zaɓin ne bai fahimta ba.

Shawarata ita ce duk waɗannan gwaje-gwaje ka bar su sai zagaye na biyu. A karon farko ka yi wasan da ajiya ɗaya, ka zauna da abin da hannunka ya jawo, domin wanda yake komawa baya duk lokacin da abu ya ɓaci shi da kansa ya cire wa zaɓinsa nauyi. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka fara da Undertale, wanda Toby Fox ya fitar a 2015, domin ƙarami ne, ana gama shi cikin ƴan awanni, kuma ana iya kai ƙarshensa ba tare da an kashe kowa ba. Shi na ba ɗan ƙanwata. A farkon wasan ya kashe matar da ta ɗauke shi kamar ɗa, abin ya dame shi, ya koma ajiyarsa ya bar ta da rai, sai ga wani fure mai magana ya tare shi a gaba yana gaya masa cewa ya san abin da ya yi da farko. Ya shigo ɗakina da kwamfutar a hannu, ya ce: "Kawu, wannan wasan ya gan ni."